Ƙarshen Majigin da Ba Ka Gani Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san babu mai kai takarda inda kake, amma cikina ya cika, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai kai.

Motar majigi ta dawo garinmu makon nan.

Ka tuna zuwanta bara, gab da faɗuwar damina? Suka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba, suka nuna takin zamani da rigakafin shanu. Sannan aka sa ɗan gajeren wasan nan: wani tsohon Bature da bayansa ya tanƙware ya shiga akwatin ƙarfe mai fitilu, ya fito saurayi yana tsalle. Nan injin wuta ya yi tari ya mutu. Aka buga, aka buga, ya ƙi tashi. Kowa ya koma gida da rabin labari.

Wayyo, surutun da aka sha! Liman ya ce jayayya ce da ikon Allah. Ɗanjuma wanzami ya ce in akwatin nan ya shigo Haɗeja, to ƙahonsa ya zama abin wasan yara. Mata a bakin rijiya suka ce a fara da su, maza su jira. Samarin masunta kuwa, marasa ta ido, suka ce a kawo shi a saka Baban Talatu. Ka yi dariya tare da su, amma ni na ga yadda ka haɗiyi yawu.

Da ka shigo gida ka ce mini ai ba akwatin ne abin kallo ba, mutumin ne, da ya ƙi yarda ya ƙare.

Daga ranar ka jefar da sandarka bayan ƙofa. Ka samo shuni a marina ka rine gemunka, namiji kamarka, har matashin kai ya koma shuɗi! Ba sassaƙen da ba ka sha ba. Na yi faɗa, na yi tsiya, na ce mai jikoki ba ya takara da su. Ka ce bakina ne kaɗai abin da bai tsufa ba a gidan nan.

Da kogi ya yi ambaliya ya cinye fadama, ka sauko da gorarka ta kamun kifi, wadda ka daɗe da ratayewa saboda gwiwa. Na riƙe bakin rigarka a zaure. Ka cire hannuna a hankali, ka ce kifin miyar yau daga komarka zai fito.

Wajen Kirikasamma aka ga gorar tana yawo ita kaɗai. Kai kuwa sai washegari aka tsamo ka. Wanda ya yi maka wanka ya ce ruwa ya wanke shunin tas, furfurarka ta dawo.

To, wannan karon injin bai mutu ba, Malam. Na je, na zauna gaba-gaba, na ga ƙarshen. Saurayin ya ruga gida da murna, ya ƙwanƙwasa. Tsohuwar matarsa ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ba ta san shi ba. Ta rufe ƙofa, ta koma bakin taga tana jiran mijinta. Ya zauna a dokin ƙofa da ƙuruciyarsa. Shi ke nan fa, ƙyalle ya yi fari.

Liman ya ce da ma ya faɗa. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Samarin nan suka ce matar ce ba ta da hankali, an ba ta sabo ta ƙi. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya kuke, nata take jira! Wani ya ce a bar ta, tsohuwa ta rikice.

Wataƙila na rikice. Abin da ke cin raina, wannan ɗan guntun da ya rage bai kai a dama fura ba. Da ka gan shi, da ko ka tsaya?

Ni tsohon nake so, mai tari da asuba, mai neman tasbaha tana hannunsa. Ban taɓa neman wani ba, kuma yanzu ba ni da ko wanne.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna. An ce can kowa saurayi yake tashi. In haka ne, ka yi mini magana tukuna, kada in wuce ka.

Taka,
Innar Talatu