Sallama Uku a Baƙar Taga

Talata Mafara, ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Sambo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Inna Safara'u da duk mutanen Maradun. Ya aikin awon ruwa?

Kawu, wani abu ya ɗaure mini kai. Ka tuna baƙar tagar da na ƙara a manhajarmu ta nazarin alƙaluma, inda mutum zai rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye? Mutum bakwai ke gwada ta. Ba na ganin abin da kowa ya rubuta, adadin kurakurai kawai take nuna mini. Kai kullum kuskure uku cif kake yi, sai ka rufe. Ba biyu ba, ba huɗu ba, kwana tara ke nan! Me kake rubutawa?

Ba son jin ƙwaƙwaf kaɗai ba ne. Shugabanmu ya ce in wata ya ƙare awonka bai shigo ta nan ba, zai ba wani aikin. Hankalina ya tashi.

Ɗiyarka,
Hafiza

Maradun, ranar Alhamis

Hafiza,

Bayan gaisuwa, muna lahiya lau, Innarki na gaishe ki.

Ni ban yi kuskure ba. Shekara ashirin da shida ina rubuta tsayin ruwa a littafi, ba a taɓa gyara mini lamba ba. Abin naki ne ba shi da tarbiyya. In na buɗe shi nakan rubuta sallama, sai ya watso mini jan rubutu wai bai san wannan umarni ba. In sake, haka. In yi ta ukku, haka. To, mi kike so in yi? Mu dai yadda munka tashi, in ka yi sallama ukku ba a amsa ba, juyawa kake yi.

Aikin kuwa, su ba duk wanda suka ga dama.

Kawunki,
Sambo

Talata Mafara, ranar Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har da ƙwalla, daga baya kunya ta kama ni. Wata biyu ina tsara launi da girman haruffa, ban taɓa tunanin yadda mutum zai shigo ba. Na tambayi Yakubu da ke gwaji a Bakura, ya ce shi ma da bisimilla yake farawa, jan rubutun ne ba ya damunsa. Ashe rabin kurakuran da nake ƙirgawa gaisuwa ce!

Abokiyar aikina Esther ta ce layi shida na rubutun manhajar sun isa a koya wa tagar amsa sallama, muka yi shi tare. Don Allah ka sake gwadawa sau ɗaya, ko don ni.

Ɗiyarka mai neman afuwa,
Hafiza

Maradun, ranar Talata

Hafiza,

Na gaishe ki. Tagar taki ta amsa sallama, na shiga. Awon kwana goma sha bakwai na ciki, ki shaida ma shugaban naku.

Ba ta tambaye ni iyali ba, amma yarinya ce, za ta koya.

Allah shi yi miki albarka.

Sambo