Ranar da Inna Ta Ɗaga Kai

Zuwa ga Yaya Yong-ae, a Toronto.

Gaisuwa mai yawa da ban girma daga nan bakin teku zuwa can inda kuke. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa ciwon kafaɗar nan da kika ambata ya sake ki, ya kare ku daga sanyin ƙasar nan taku da nake gani a talabijin har ni ma in ja bargo. Mu nan lafiya lau muke. 'Yata Dami tana nan a wurin aikinta a birnin Gwangju, takan zo ƙarshen mako da sunan ganin kakarta, ta cika jaka da kimci, jiƙaƙƙen kabejinmu mai barkono, ta koma. Ɗana Jun-o yana aikin soja, ya yi waya yana kukan abinci, ban tausaya masa ba, don a gida ma kukan da yake yi ke nan. Mun gama haɗa kimcin sanyi, tafarnuwa ta fito da kyau a gonar bayan gida, komak kuma, ɗan mai kwanson nan da muke tonowa a lakar bakin teku, bana ya yi ƙiba, in kin dafa shi kwanson da ƙyar yake rufe namansa.

Gauraki sun dawo tun farkon sanyi, baƙaƙen nan masu farin kai, kuma bana sun fi na bara yawa. Da safe sukan tashi daga taɓon da teku ke bari in ya janye, su ratsa ta kan gidanmu zuwa gonakin shinkafa da aka girbe, da hayaniyarsu, da yamma su dawo lokacin da rana ke faɗawa bayan tsibiri, ruwan da ya rage a kwazazzaban taɓo ya yi ja. Kyauron bakin gaɓa ya bushe ya yi ruwan zuma, agwagin ruwa sun cika shi, kwanan baya ma wata 'yar barewa ta fito daga ciki ta tsaya tana kallona kamar ni ce baƙuwa. Maigidana ƙaninki kuwa, tun da ya ajiye tuƙin bas, ba shi da wani aiki sai su. Ya sayi kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, ya ɗinka wata riga mai launin ciyawa, yakan shige cikin kyauro ya kwanta rubda-ciki tun da safe har yunwa ta koro shi. Mutumin da ba ya iya jiran shinkafa ta nuna, yau shi ne ke jiran tsuntsu ya miƙe wuya. Ba na hana shi, don hotunan suna da kyau, kuma ya fi mini zamansa a shagon giya.

To, Yaya, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami maimakon waya. Kin daɗe kina ce mana a yi wa Inna hoton tsawon rai, kuma gaskiyarki ne. Ba wanda ya manta ranar jana'izar Baba, yadda muka rasa hoton da za a ɗora a cikin furanni, har aka ciro na katin shaidarsa aka faɗaɗa, ya fito dishi-dishi, mutane suna durƙusa wa wata inuwa mai kunnuwa. Kin yi kuka a kan wannan hoton fiye da yadda kika yi a kan akwatin. Sai ga shi kuma likita ya duba gwiwar Inna ya ce ta cinye, wannan sanyin shi ne na ƙarshe da za ta hau jirgin taɓo, katakon nan da muke turawa a kan laka mu tono komak, in ba so take ta ƙare a keken guragu ba. Da muka fito sai ta ce yaron nan bai taɓa sa ƙafa a taɓo ba, ina ya san gwiwa. Amma na ga yadda take shafa katakon nan nata da yamma, na san ta ji.

Ana cikin haka ma'aikatan gunduma suka zo zauren ƙauye da mai hoto da mai kwalliya, aka ce duk tsofaffi su sa kayan biki su zo. Kowa ya je ban da Inna. Na fito mata da rigarta ta siliki, na goge, ta dube ta ta ce in mayar. Dalilinta shi ne jana'izar ƙawarta 'yar garin Naro da aka yi bara. Wai ta shiga ta tarar da hoton wata mata fara sol, ba tamoji ko ɗaya, da jan baki, har ta juya za ta fita tana tsammanin ta ɓata ɗaki. Ta ce shekara da shekaru suna tura jirgi kafaɗa da kafaɗa da matar nan, ta san kowane layi na fuskarta, amma ranar ban kwana aka sa ta durƙusa wa wata mai karanta labarai. Ta ce ita ba za a goge ta da na'ura tun tana da rai ba, kuma su daina ce masa hoton tsawon rai, kowa ya san na ranar mutuwa ne, ba yara ake yi wa wayo ba.

Ƙaninki ya ce to shi zai ɗauka da kansa, ba hoda ba gogewa. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ce ta saki fuska. Yaya, kin san Inna da kyamara: ta ƙame, ta haɗe baki, ta zare ido kamar an kira ta ofishin 'yan sanda. Ya ɗauka ya fi a ƙirga, ba ko ɗaya na nunawa. Da ta gaji sai ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta ce masa kai dai an yi sakarai, kullum kana kwance cikin ciyawa kana bautar tsuntsaye, ka taɓa ce wa gauraka ta yi murmushi? Ta ce in yana son hotonta ya ɗauke ta yadda yake ɗaukar su, a taɓo, ba tare da ta sani ba. In kuwa ta hango shi, wannan bai shiga lissafi ba. Ta shige ɗaki ta bar shi tsaye da taɓaryarsa.

Daga nan aka shiga farauta, ƙauye kuwa ya samu abin dariya. Ya kwanta cikin kyauro, ta hango ƙyallin gilashi tun daga nesa, ta ɗaga masa kwando. Ya ɓuya bayan tulin raga a kan madatsa, ta aiko 'yar garin Boson ta ce masa wai ɗuwawunsa ya fito. Ya shiga kwale-kwalen maƙwabcinmu ya lulluɓa da buhu, ta wuce ta gefensa a kan katakonta tana cewa Allah ya ba da sa'a, mai hoto. Matan gari suka riƙa tambayarsa ko tsohuwar gauraka ta faɗa tarko. Kuma ko a ranar da ba ta gan shi ba, babu abin ɗauka. Kin san shigarmu ta taɓo: hula, ɗankwali a naɗe har hanci, gwiwa ɗaya a kan katako, ƙafa ɗaya tana tura laka, kai a sunkuye daga fita har dawowa. Ya tara hotunan bayan Inna da ƙeyar hularta, masu kyau kuwa, ga tsibiri ga tsuntsaye, amma ba wanda za a ɗora a cikin furanni. Sanyi yana tafiya, gauraki sun fara rawar nan da suke yi kafin su koma arewa, ni kuma hankalina ya fara tashi, don na san in lokacin komak ya wuce, shi ke nan.

Gaurakin ne suka ba shi dabara. Wata rana muna cin abinci ya ce ya lura in garke yana kiwo, duk kawuna suna ƙasa, amma kullum akwai guda ɗaya da ke tsaye da wuya a miƙe tana gadi, kuma ita ce ke fara kuka in lokacin tashi ya yi. Ya tambaye ni mu a taɓo wa ke yi mana wannan. Na ce wa kuwa in ba uwarka ba? Ita ce babbarmu, ita ke jin dawowar ruwan teku tun kafin a gan shi, ta miƙe a kan gwiwa ta yi kira, kowa ta juya jirginta. Ya ajiye cokali. Ashe duk wannan lokaci da zarar ya ga mun kusa juyowa yake naɗe kayansa ya gudu, don kada ta kama shi, alhali a lokacin ne kawai take ɗaga kai.

Ranar da abin ya faru, ni ce na jawo, ba da niyya ba. Na faɗa wani wuri mai komak da yawa can gaba da kowa, na yi ta ci gaba, iska kuma tana kaɗawa daga gaɓa zuwa gefe, ga kunnuwana a naɗe. Inna ta yi kiran da ta saba, mata suka juya, ni ban ji ba. An ce ta kira uwar Dami, ta sake kira, shiru. Ruwa ya riga ya shigo kwazazzabon da ke tsakanina da su, kin kuwa san yadda yake cika ta baya ba ta gaba ba. Sai ta fizge ɗankwalin daga fuskarta, ta jefar da hula, ta miƙe a kan wannan gwiwar da likita ya ce ta cinye, ta buɗe murya duka ta kira Jong-rye. Wannan kam na ji shi. Ban ma ɗauka ni ake nufi ba da farko, don rabon da in ji wannan sunan a bakin wani babba tun rasuwar mahaifiyata. Tun ranar da na shigo gidanku ke yarinya take ce mini, daga baya uwar Dami, a gari kuma 'yar Janghung ake ce mini, da sunan garinmu. Wallahi ban san Inna ta riƙe sunana ba.

Na juya, na zubar da rabin kwando, na turo jirgi da duk ƙarfina, na tsallake kwazazzabon ruwa yana lasar katako. Ba wani abu da ya same ni sai faɗa. Tun daga taɓo har gida tana yi mini, wai kwaɗayi zai kashe ni, wai in na nutse wa zai dafa wa wannan sakaran ɗan nata abinci. Ina tafe a bayanta ina share hawaye, tana tsammanin tsoro ne. Ƙaninki kuwa yana cikin kyauro duk wannan lokaci, ya ce bai ma san ya danna ba, ya jefar da kyamarar ya ruga bakin gaɓa. Sai da aka kwana biyu ya duba ya ga abin da ya kama.

Ga shi nan na sa miki ɗaya a cikin ambulan. Za ki ga furfurarta a tashe cikin iska, laka a kumatunta, kowane layi na fuskarta yana nan, idonta a kan wani abu mai nisa, bakinta a buɗe. Can bayanta gauraki uku ne suke tashi, shi ya ce sa'a ce kawai. Da ya nuna mata, ya fara ba da haƙuri, wai bakin a buɗe yake, bai dace da wurin makoki ba, zai sake gwadawa. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce wannan kam ita ce, duk wanda ya zo gaisuwa zai san wa ya durƙusa wa. Bakin kuma a bar shi a buɗe, masu zuwa za su ɗauka cewa take su zauna su ci abinci. Ta sa ya kai birni aka sa masa firam, yanzu yana cikin kabad a naɗe da zane, ita kuma tun da aka kawo shi take cin abinci kamar ta yi niyyar ba da kunya ga duk wanda ke jiran mutuwarta. Jirginta ta wanke da kanta ta jingine a bayan ɗaki, ta ce in nawa ya tsage in ɗauka. Tun washegarin ranar da ta kira sunana ta koma ce mini uwar Dami kamar ba a yi komai ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya, abin da ya faru da Baba ba zai sake faruwa ba. Ina roƙon Allah ya sa hoton nan ya daɗe a cikin kabad har zanen ya koɗe. Amma ba zan ɓoye miki ba, raina fari ƙal yake. Duk ranar da aka ɗora shi a cikin furanni, kowa zai ga Inna tana kira, ni da ke da ƙaninki kaɗai za mu san wa take kira.

Ki gaida maigida da kyau, ki ce masa busasshen kifinsa yana hanya. Ki gaida 'yarki Se-rin da mijinta da jaririya, ki gaida ɗanki Tae-o, ki ce masa kawunsa ya ajiye masa tsohuwar kyamara in ya zo hutu. Ƙaninki yana gaishe ki, Dami da Jun-o ma haka. Inna ta ce in gaya miki ki daina aiko mata da magungunan gwiwa, ki zo da kanki kafin gauraki su sake dawowa.

Kullum uwar Dami nake sa miki a ƙasan takarda. Yau dai ki yi mini haƙuri.

Taki har kullum,
Jong-rye