"Kai" Ɗin da Na Faɗa a Shagonku

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko,

Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyaga su. A littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin filo, budurwa takan zauna kalamai su zubo mata kamar ƙorama. Ni kuwa biro ma zamewa yake a hannuna! Kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya: in ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe littafi in rufe, har Umma ta tambaye ni ko ƙaya ce ta tsiro a kujerun gidan.

Ka tuna ranar Talata? Na zo shagon yayanka da memorin Anti don ka tura mata waƙoƙi. Na tarar kuna ta musu a kan kwalin nan da ka manna a bango, mai jerin mawaƙa goma. Abokinka mai gyaran waya ya rantse Baƙin Gilashi ne na ɗaya, tunda shi aka fi zuwa nema. Ka ce ina, in yawan masu ji ne gwaninta, ai janaretan layin ya fi kowa. Ka kafe a kan Ɗan Siriri, wai baitinsa ko an cire kiɗa yana tsaye da ƙafarsa. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya ce dukkanku yara ne, wanda bai shekara ashirin ana rera waƙarsa ba ko na goma bai cancanta ba.

Sai ka juyo, wayyo ni, ka dube ni da idanun nan masu kama da tafki da hantsi, ka tambaye ni wane ne na ɗaya a wurina. Na buɗe baki na ce, "Kai…" sai numfashi ya ƙare mini. Shago ya kwashe da dariya, mai gyaran waya yana cewa ka ji ko, ita ma ta raina jerinka. Na fizgi memori na ruga.

Tun ranar, in na wuce sai ka sunkuya kan kwamfuta. Jiya kuma na ga bangon fayau, ka cire kwalin. Me na yi? Ina zan sa raina? Ya hasken safiyata, wallahi ba "kai" ɗin raini ba ne, ba na mamaki ba! Muryata ce ta karye ta faɗo. Tambaya ka yi, ni kuma amsa na ba ka, cikakkiya.

Ni a wurina, na ɗaya shi ne wanda muryarsa ke saura a kunne bayan caji ya ƙare. Wace murya ce ke bi na har aji, har bakin famfo? Ɗan amon nan ne da kake yi ƙasa-ƙasa kana jiran waƙa ta gama shiga. Ba ka ma iya ba, kana kauce wa kiɗa, amma ya fi mini kukan kurciya da asuba.

Don Allah ka mayar da kwalin. Mawaƙiyar nan Mai Jan Gyale da ka jefa ta takwas a jerin, wannan kam zalunci ne, za mu yi musunsa in na koyi magana a gabanka. In ka fahimce ni, ka ɗago ta zuwa ta biyu. Ranar Litinin zan wuce daga makaranta, ba zan iya kallonka ba, bango zan kalla.

Taka, wadda jerinta ba zai sauya ba ko mawaƙan duniya sun taru,
Mai memorin Anti