Dokar da Babu Ita a Gidan 'Yan Ajin Farko

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, abokiyar karatuna wadda ta fi mini karatun,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya makara. Daga ɗakin karatun gidanmu nake rubuto miki, wannan da ke tsakanin ɓangaren maza da na mata, a kan teburinmu mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da kwali. Ɗalibai duk sun watse hutu, fanka kaɗai ke ta surutunta.

Kin tuna ranar da muka zo? Jami'a ta tara mu sababbi masu karatun lissafi a gida ɗaya, nan kwana, nan bita, da malama guda mai kula da mu. Ta haɗa kowa da abokin bita, ni kuwa rabona ya faɗo kanki. Kika jawo littafina, kika ɗaga gira, kika ce, "Wannan rubutu ne ko sawun kaza?" Tun daga ranar zuciyata ta bar hannuna, kuma ban nemi ta dawo ba.

A makon ne wani ɗan aji biyu ya ja mu gefe, ya ce mu yi hattara: duk abokan bitar da malama ta ga alamar so a tsakaninsu, raba su take yi, ta sauya wa ɗaya gida. Na haɗiye maganar nan ɗanyarta. Shekara guda ina zaune a bakin rijiya da ƙishirwa! In kin yi dariya, sai in sunkuyar da kai in ce mu koma darasi. In kin tambayi jikin mahaifiyata, sai in amsa a gajarce, alhali a raina ina so ki tambaya har gobe. Tsoro nake kada a ɗauke ki daga teburin nan.

Da malama ta nemi ki zauna baɗi ki zama yayar gida ga sababbi, kin same ni a baranda. Kika ce, "Goggo tana so in koma reshen jami'a da ke garinsu. Akwai abin da zai riƙe ni a nan?" Malama na tsaye bakin ƙofa da kofin shayinta. Na ce, "Ɗakin karatun nan yana da kyau." Kika dube ni, kika ce, "Haka ne, yana da kyau," kika wuce.

Jiya ina taya malama tattara kujeru, sai ta ce, "Kai dai ka iya lissafi, amma ga yarinyar nan za ta tafi kana kallo." Na faɗa mata dokar. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wace doka? Ni tun kafin jarrabawar farko na gano ku. Da rabawa nake yi, ai da tuni." Ashe tsokana ce da 'yan aji biyu ke yi wa baƙi kowace shekara.

Wa zan kai ƙara, ya hasken raina? Wa zai mayar mini da yammacin nan da iska ke kaɗa labule, kina karanta tambaya, ni ina karanta fuskarki a sace? Na yi shiru don kada a raba mu, ga shi shirun ne yake raba mu.

Ina son ki. Dubi yadda maganar take gajeruwa, amma ta gagare ni shekara guda. Ina son muryarki, da faɗanki in na yi kasala, har da jan biron da kike zane mini kuskure da shi.

Na karɓi zama yayan gida baɗi, kuma abin da zan fara faɗa wa sababbi shi ne babu wannan doka. Ba zan ce ki saɓa wa goggo ba, ba ni da wannan bakin. Roƙona ɗaya ne. Malama ta ce gurbinki yana nan har ran Asabar da za ki zo mayar da makullin ɗakinki. Kafin ki miƙa mata shi, ki sake yi mini tambayar nan ta baranda. A gabanta zan amsa, da ƙarfi, ko da kin riga kin ɗaure kayanki.

Naki, ko kin zauna ko kin tafi, muddin ina numfashi,
Abokin bitarki