Gumbar arba'in ɗin Kande da ajin yaran China

Daga admin: Wata dattijuwa ce ta turo wannan da murya, ta ce a rubuta yadda ta faɗa, kar a gyara mata. Sunaye kawai na canza.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan gurup. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma ku sa hankali a ciki, kar ku ba ni ta gaggawa. Ni ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Matar ɗan ƙanina ce ke karanta mini abin da kuke rubutawa in ta shigo da yamma, wani lokaci ku burge ni, wani lokaci in ce waɗannan ba su taɓa kwana da yunwa ba. To yau ni ce a gabanku.

Abin ya faro ne bayan shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da za ka kai akuya kasuwa a ce maka sai dai taransifa. Ba mu gama farfaɗowa ba mai ya tashi, gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. A tsakanin nan ne mijin 'yata ya rasu, ta dawo gabana da yara uku. Mu a ƙasar Kunci muke, garin dai ba zan faɗa ba. 'Yar tawa Malama ake ce mata, ni ma haka zan kira ta. Ta karanta Turanci har jami'a, ta koyar a wata makarantar kuɗi wajen Rijiyar Zaki, makarantar ta rufe don iyaye sun kasa biya. Ta dawo ƙauye da takardu cikin leda, ga gonar da ubanta ya bari an raba ta har ta koma kamar shimfiɗar tabarma, taki kuma ya gagara. Waccan bazarar mun ci tafasa da ƙuli har yara suka daina tambayar me aka dafa.

Ƙanin mijinta yana awon riɗi a Dawanau wajen wani ɗan China mai saye. Shi ne ya ji cewa 'yar'uwar mutumin tana da kamfani a can ƙasarsu, suna neman masu koya wa yaran sakandare Turanci ta waya, don akwai wata babbar jarrabawa da suke yi ta shiga jami'a, sau ɗaya a shekara, daidai farkon daminarmu. Aka gwada Malama ta ci. Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi kwamfuta ta hannu da sola. Aikin kuwa na gani da idona, ba wasa ba ne. Za ta kunna muryar wani Bature yana tambayar hanyar tasha, yaran su saurara su zaɓi amsa, sai ta ba su labari mai ramuka su cike, sai su rubuta wasiƙa ta gyara musu, duk da agogo a gabansu. Ni ma har na san fuskokinsu, akwai wata yarinya da nake ce wa Mai Tabarau, akwai wani ɗan lukuti da na sa wa Sarkin Hamma.

Ba zan zama butulu ba. Da aikin nan muka koma cin tuwo sau biyu, da shi aka sayi taki, da shi ake sayo mini maganin hawan jini. Wannan na faɗa, Allah shaida ne. Amma ku ji abin da ya biyo baya.

Rana ba ɗaya take fito mana da su ba, hantsinmu shi ne yammarsu, don haka ajin daga hantsi ne zuwa azahar. Netiwok kuma duk garin babu inda yake tsayawa sai gidana, da yake a kan jigawa muke, a gidan ma sai ɗakin da ke gindin tsamiya. A gindin tsamiyar nan turmina yake, turmin ƙirya da na zo da shi gidan aure. Tun ina amarya matan unguwa nan suke daka, don inuwa da faɗin tsakar gida, nan ake jin wa ya haihu, wa ba shi da lafiya, wa ke bukatar a kai masa kwano ba tare da ya roƙa ba. Satin farko yaran suka tambayi Malama wai gini ake yi a gidanmu? Wani uba ya kai ƙara cewa ɗansa ba ya jin Baturen saboda ƙara, kamfani ya ja mata kunne. Daga nan aka hana daka. Zakarana aka kai shi bayan gida aka ɗaure. Ni da ake jin amsa sallamata daga bakin rijiya, na koma ina amsawa da raɗa ina ɗaga hannu kamar mai korar kaji. Mata suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce gidan Inna ya zama banki, sai ka yi shiru ka bi layi. Yanzu in na wuce, Kakar China ake ce mini, a yi dariya, ni ma in yi, amma ba ta kai ciki ba.

Duk wannan na haɗiye. Mutum ɗaya ce ba ta daina zuwa ba, ƙawata Kande. Tare muka yi tallan fura, tare aka sa mu a lalle, damina ɗaya. Shekarar farin nan da aka yi layin hatsi na haifi Malama, ciwon nono ya kwantar da ni, Kande ce ta haɗa ta da 'yarta Asabe ta shayar da su tare har na miƙe. In ta zo ta tarar ana aji sai ta zauna kusa da ni ta rage murya ta ce, to Kakar China, yau me jikokin naki suka koya? Mu yi ta dariya muna toshe baki da mayafi.

Kande ta rasu da hantsi, ba ta yi jinyar kirki ba. Ranar kuma Malama gwajin jarrabawa take yi wa yaran, irin wanda in aka fara ba a tsayawa. Na buga ƙofa, na buɗe, na ce uwarki Kande ta cika, taso. Ta dube ni, hawaye ya zubo mata, ta ɗaga mini hannu wai in jira, ta juya ta ci gaba da Turanci tana murmushi ga yaran nan, hawaye na sauka har haɓa. Ni ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kun san mu ba ma ajiye gawa. Aka yi wanka, aka yi sutura, mata suka shiga suka yi bankwana, aka fita da ita. Sanda Malama ta iso maza har sun dawo daga maƙabarta. Asabe ta dube ta a gaban mutane ta ce, sannu da zuwa Malama, an sauka daga China lafiya? Malama ta miƙa mata hannu, Asabe ta gyara ɗankwali. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaye.

Da muka koma gida na faɗa mata maganganu, ba zan maimaita ba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Ita kuma ta ce, Inna da na tashi da an kore ni a ranar, wa zai ciyar da mu, Asabe ce? Na ce nonon da kika sha fa, kamfani ne ya ba ki? Ta shiga ɗaki ta rufe.

Ga inda nake neman shawarar. Ni da Kande mun yi alkawari tun ƙarfinmu, muka kuma sabunta shi bara muna tsince wake, cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta daka gumbar sadakar arba'in ɗinta, a gidan nan nawa, a turmin nan, da lugude, yadda gari zai ji. Masu cewa bidi'a ce na ji ku, Allah ya ƙara sani, amma ku ajiye wannan tukuna, maganar alkawari nake yi. Duk matan unguwa sun san da shi. Arba'in ɗin kuwa Asabar mai zuwa ce, kuma ita ce Asabar ta ƙarshe kafin jarrabawar yaran. Ranar ba sa zuwa makaranta, don haka ajin tun bayan sallar asuba ne har azahar, babu hutu sai na shan ruwa.

Kar ku ce ba mu nemi hanya ba. Malama ta ce a kai inji. Na ce gumbar inji a kai wa wanda bai san Kande ba. Ta ce a yi da yamma, na ce malamai da safe suke addu'a a raba, kafin rana ta take kowa ya watse. Ta ce a daka ranar Juma'a a ajiye, na ce a zafin nan? In miƙa wa mutane gumba mai tsami da sunan ƙawata? Ta ɗauki kwamfutar ta gwada firamare, ta gwada gidan mai unguwa, hoto sai ya daskare. Ta nemi hutu wajen kamfani, suka ce za su iya sa wani malami, amma iyaye wanda ya riƙe musu yara a satin ƙarshe shi suke nema baɗi, ga shi dama an taɓa ja mata kunne. Ɗana da ke Kano ya bugo waya ya ce, Inna, Kande ba za ta ci gumbar nan ba, amma jikokinki za su ci tuwo. Na ce Allah ya yi maka albarka, na kashe.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, shekaranjiya na leƙa ta taga ina neman abin da zan ƙara jin haushi, sai na ga wata tsohuwa a bayan Mai Tabarau, ta shigo da sanɗa da kwano a hannu, ta ajiye a gefen yarinyar, ta koma da baya. Na ga hannunta, hannun fartanya ne, ba wanda zai gaya mini. Malama ta ce iyayen yarinyar suna can wani birni suna aiki, kakar ce ta rene ta, kuma in yarinyar ta faɗi jarrabawar sai wata shekara. Na so a ce mutanen nan marasa mutunci ne in ji daɗin tsine musu, sai ga wata irina tana sanɗa a gidanta ita ma. Wannan ya fi ba ni haushi wallahi.

Yanzu ni na ce in ba a daka a gidana ba, zan sa a ɗora turmin a amalanke a kai gidan Kande, ni ma in bi shi, in ya so Malama ta zauna da shirunta. To amma in na yi haka na tabbatar wa gari cewa an kore ni daga tsakar gidana, kuma alkawarin a gidana aka ce. Ita kuma ta ce in aka daka aikin ya tafi, za ta kwashi yara ta koma Kano neman wani, ba don fushi ba, don dole. Tun ranar ba mu ci a kwano ɗaya ba. Geron na nan na auna na ajiye, ranar Juma'a da daddare ya kamata a jiƙa.

Mu da muka yi lugude a turmin nan ina amarya, yawancinmu suna ƙasa. Saura Ladi, tana Kunci wajen ɗanta, ido ya tafi amma ta aiko a gaya mini a zaunar da ita kusa za ta yi tafi. Saura Tabawa da ƙafa ta hana ta fita. Saura Talatu ta unguwar Maguzawa, wadda ta koma coci tuntuni, ita ta aiko jikarta da taɓaryarta tun jiya, an jingine ta a jikin tsamiya. Sai ni. In ban daka wa Kande ba, waɗannan ukun za su ji shirun, kuma babu wadda za ta sake yi wa wata alkawari a cikinmu.

To 'ya'yana ku gaya mini. In jiƙa geron nan, ko in mayar wa Talatu taɓaryarta?