Ciyawar Gidan Injiniya da Awakin Dassin

Jikokina, ku cinko mini: a gidan mai hali sara ake bin ta da shi, a gidan talaka ita ce nonon safe. Mece ce? Ku riƙe, ga wasiƙa daga Arlit.

Kaka, ki agaza mini. Ni mai ban ruwa ne a gidan wani injiniyan kamfanin ma'adinai. Yana da shimfiɗar ciyawa shar, ga gari ko tsinke babu. Wata ciyawa mai rarrafe ta shige ta, ban san sunanta da Hausa ba. Maƙwabciyata Dassin, fari ya koro ta daga Gougaram da 'ya'ya da ragowar awaki, mijinta ya shiga duwatsu tun farkon tawaye, shiru. Ni kuwa sai in yanke kan ciyawar in kai wa awakinta, in bar saiwar don ta sake tofowa. Yanzu maigida ya gaji, ya kawo bido, wato jarka, na maganin kashe ciyawa in fesa. Kullum sallamar ma'aikata ake yi. In na fesa yara sun rasa nono, in na ƙi na rasa aiki. Barci ya gagare ni.

Mai tiyo, Arlit

Angona mai tiyo, sannu da noma a gonar da ba taka ba! Awakin ne dai kawai kake tausayi, ko? To, na yi shiru. Amma wallahi ka burge ni, ita ma ciyawar ta burge ni: ba a shuka ta ba, ga ta tana ciyar da yara.

Sai dai maigida na da gaskiyarsa, amanar gidansa ya ba ka. Ka roƙe shi ya ɗaga maka ƙafa da maganin, ka faɗa masa dalili. Ka jiƙa ƙasa, ka tuge mai rarrafen da saiwa tun ba ta yi ƙwaya ba. Kada ka aske ciyawar maigida ƙwal, in ta yi kauri baƙuwa ba ta samun wuri. Wadda ka tuge ka dasa ta bayan katanga inda ruwan wanki ke fita, kowace gaɓa saiwa take yi. In ya nace sai an fesa, ko ganye ɗaya kada akuya ta taɓa.

Allah ya tsare maka aikinka, ya maido wa Dassin mijinta lafiya, ka ce amin da ƙarfi in ji.

Ciyawar nan kuwa sunanta harƙiya. Ita ce amsar.