Kilo Nawa Ce Uwar 'Ya'yana?

Baba mai filin shawara, don Allah ka agaza mini kafin gwiwoyina su tona mini asiri.

Ni tela ne, shekarata sittin da ɗaya. Shekara ashirin da bakwai ke nan kullum da safe ina goya maiɗakina a bayan keke zuwa asibitin da take aikin wanki, sannan in wuce shago. A hanyar akwai wani hawa, daga gidan mai zuwa tankin ruwa. Da can ina hawansa har ina yin fito da baki. Duk ranar da ta tambaye ni ko ta yi mini nauyi, sai in ce ai sai na waiwaya nake tabbatar da tana nan. Tun tana amarya nake faɗin haka, kuma a lokacin gaskiya ne.

To Baba, haihuwa shida, hankali kwance, jiki ya yi albarka. Ni kuma gwiwar hagu ta fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wata huɗu ke nan, da mun kai tsakiyar hawan sai in ce sarƙa ta zame. Mu sauka, in durƙusa ina yi kamar ina duba sarƙar da lafiyarta ƙalau har numfashina ya dawo.

Mai gyaran kekena ya ce akwai inji mai batir da ake sawa a cibiyar taya. Akwai ƙarami kamar gwangwanin madara, wanda ba kowa zai lura da shi ba, akwai babba kamar faranti. Amma ya ce ba zai zaɓa mini ba sai ya san kilo nawa keken yake ɗauka, ni da kayana. Na ce masa kayan nawa ba irin wanda ake ɗorawa a sikeli ba ne.

Na gwada dabara. Na haɗa baki da mai sayen tsoffin ƙarafa, yana da sikeli shimfiɗe a ƙofar shagonsa. Na ce mata yanke za mu yi, na hau sikelin da keken na kama birki, sai ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Kashegari na sake, ta sauka gaba ɗaya wai za ta gaida matarsa. A gida na ɗaga ta cak da sunan wasa don in kimanta, bayana ya riƙe, kwana uku ina ɗinki a tsaye.

Yanzu surukinmu mai mota ya ce daga wata mai kamawa shi zai riƙa kai ta. Baba, gidanmu cike yake da jikoki. Minti ashirin ɗin nan, hannunta riƙe da rigata tana ba ni labarin wanda ya ɓata mata rai, shi ne kawai lokacin da nake da mata. In sa ƙaramin in ɓoye, ko in sa babban in ƙaryata maganar shekara ashirin da bakwai?

Naka,
Direban Mutum Ɗaya


Ƙanena Direba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun sai da na cire tabarau na share hawaye. Sannu da baya.

Mu fara da ƙarfe, shi ba ya fushi. Ƙaramin da zuciyarka take so ba shi da nauyi, yana kuma rufa asiri, amma manya biyu a kan hawa sun fi ƙarfinsa. Zai yi zafi ya tsaya cik daidai inda sarƙarka ta saba zamewa. Farantin kuwa ɗan gudu ne a miƙaƙƙiyar hanya. A hawa zuƙe batir yake yi, ga nauyin kansa. Ka nemi matsakaici mai haƙoran giya a ciki, wanda aka yi don ja, ba don tsere ba. A sa shi a tayar baya inda nauyin yake, domin ta gaba sulɓewa take yi a hawa. A ƙara ƙarfen da zai riƙe shi kada ya yage ƙafar tsohon keken, a sa wayoyin taya masu kauri. Birki kuwa a fara gyara shi kafin komai, tunda da yamma gangarowa za ku yi. Feda kuma kada ka daina, taimako aka kawo maka, ba hutu ba.

Sai batun sikeli. Mai gyara jimilla ya tambaya, ba rabon kowa ba. Ku hau tare, da keken da jakarta, a faɗi lamba ɗaya. Na kuma lura ba ka faɗa mini naka kilon ba. Tela mai wuni a zaune, anya albarkar a kujerar baya kaɗai ta sauka?

Kana tsoron ɓata mata rai, wannan halin kirki ne. Amma matar da sana'arta wanki ta san sarƙa in ta zame tana baƙanta hannu, kai kuwa wata huɗu kana tashi hannu fes. Haƙarƙarinka yana ƙarƙashin tafinta, tana jin hakinka kafin kai ka ji. Ƙafar nan da ta sauke a sikelin mai ƙarafa, kana tsammanin tsautsayi ne? Kai kana rufa mata asirin kilo, ita tana rufa maka na gwiwa, surukinku na ɗumama mota.

Gobe a tsakiyar hawan ka tsaya, kada ka durƙusa. Ka ce mata gwiwa ta gaji, kuma ba ka son kowa ya kai ta aiki sai kai. Ku je wurin mai gyaran tare, ta zaɓi inda za a ɗaura batir don kada ya takura mata zama. Suruki a gode masa, a ajiye shi don ranar ruwan sama.

Ranar da injin ya fara ja, in ta sake tambayarka ko ta yi nauyi, ka ba ta amsar da ka saba. Ta koma gaskiya.

Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya, ya bar ku tare a kan taya biyu.